Ɗalibanmu A Indiya: Me Ido Ya Gani, Me Aka Kawo Gida?

Duk wanda ya yi sakandare a tsohuwar Jihar Kaduna daga shekarun 1970 zuwa farkon shekarun 1980, da wuya a ce bai taɓa zama gaban malamin Indiya ba. Su ne suka riƙe lissafi da darussan kimiyya a makarantu da yawa na Arewa, tare da 'yan Pakistan da 'yan Filifin, kuma a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ma ba a rasa su a tsangayoyin kimiyya da injiniya da likitanci. Da darajar Naira ta faɗi bayan 1986, sai yawancinsu suka tattara nasu-ya-nasu suka kama gabansu. Yau kuma ga shi mu ne ke bin sawunsu har gida neman abin da suka taɓa kawo mana har ƙofa.

Gwamnatin Kano ta tura ɗaruruwan ɗalibai ƙasashen waje, ciki har da Indiya, a mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu tsakanin 2011 da 2015, gwamnatin Abba Kabir Yusuf kuma ta farfaɗo da shirin a 2023. Asusun TETFund ya daɗe yana tura malaman jami'a ƙaro ilmi can kafin ya dakatar da tallafin karatun waje daga farkon 2025. To amma waɗanda suka fi damuna su ne waɗanda ba gwamnati ta tura su ba. A yankinmu na Funtuwa da Malumfashi da Bakori da Ɗanja da Ƙafur, kuɗin makarantar yaron da ke Indiya masara ce da waken suya da auduga. Uba zai jira kaka, ya kai buhuna kasuwar Dandume, ya canza kuɗin zuwa Dala, ya aika. Wanda ya san cewa Dala ɗaya ta tashi daga wajen Naira 460 a tsakiyar 2023 zuwa sama da Naira 1,500 a farkon 2024, ya san irin zufar da ke cikin wannan aike. Saboda haka tambayar da ke kan wannan rubutu tambaya ce ta haƙƙi.

Ni ma ta wannan hanya na bi. Na yi shekara uku da 'yan watanni a birnin Haidarabad na Jihar Telangana ina karatun digirin digirgir a fannin kimiyyar harshe, kuma tun dawowata iyaye ba su daina tare ni da tambaya a wurin ɗaurin aure ko suna ba. Abin da zan kawo a nan shi ne amsar da nake ba su guntu-guntu, na haɗa ta wuri guda.

Abu na farko da ke kwance wa ɗan Hausa kai shi ne yana sauka da zaton ya san ƙasar. Mun tashi da finafinan Indiya tun daga gidajen silima har zuwa na yau da ake fassarawa da Hausa, har wasunmu na rera waƙoƙinsu ba tuntuɓe. Sai yaro ya fito daga filin jirgi ya ga allunan kan hanya da wani rubutu mai zagaye-zagaye wanda bai taɓa gani a fim ba. Wannan Telugu ne, harshen jihar, kuma ba ma dangi ɗaya suke da Hindin finafinai ba. Idan ya gangara kudu zuwa Tamil Nadu, ɗan Hindin da yake taƙama da shi ba zai saya masa ko ruwan sha cikin daɗin rai ba. Tsarin mulkin ƙasar ya lissafa harsuna 22, kuma tun 1956 aka sake shata iyakokin jihohi bisa harshe. Takardar kuɗinsu ma harsuna 17 ne a jikinta. Duk lokacin da na riƙe ta sai na tuna yadda aka cire ajami daga ƙananan takardun Naira a 2007, da ƙurar da abin ya tayar.

Amma ga mai nazarin harshe akwai wani daɗi da ke jiran sa a kasuwa. Mai shago zai ce maka “hisab”, kunnenka ya ji lissafi. Zai ce “wakt”, ka ji lokaci. “Kitab” littafi ne, “kalam” alƙalami, “jeb” aljihu, “sabun” sabulu, “khabar” labari, “duniya” kuwa tana nan duniyarta. Dukkansu daga Larabci muka aro, mu ta Sahara, su ta Farisa. Bambancin kawai shi ne Bahaushe ya haɗiye “al” ɗin Larabci tare da kalmar, wani wuri ya bar ta cikakkiya kamar a aljihu, wani wuri ya rage ta zuwa “l” kamar a labari da lissafi, su kuwa sun yar da ita. A unguwannin Musulmi na tsohon birni, inda ake Urdu da haruffan Larabci, wanda ya yi makarantar allo yakan iya haɗa baƙaƙen allon shago tun kafin ya san ma'anarsu.

Sai batun ciki. Ɗan Funtuwa da ya saba da tuwon masara da miyar kuka zai tarar da shinkafa safe da rana da dare, da yaji wanda ko ɗan Ɗanja mai noman barkono sai ya share hawaye. A ɗakunan cin abinci na makarantu da yawa nama sai ranakun da aka ware, domin jama'a da dama ba sa cin sa sam, kuma a jihohi da yawa yanka saniya laifi ne a doka. Haidarabad tana da sauƙi ta wannan fuska saboda yawan Musulminta. Da azumi, kewayen hasumiyar Carminar, wadda aka gina a 1591, da Masallacin Makka da ke gefenta, cika suke maƙil har asuba, ana sayar da wani fate na alkama da nama da suke kira halim. A can ne kewar gida ke ɗan lafawa. Ɗalibanmu kuma ba su zauna haka ba: garin samolina ya zama tuwo, kuɓewa tana nan a kowace kasuwa, kuka da daddawa kuwa duk wanda zai dawo daga hutu ya san nauyin da ke kansa.

Akwai ƙananan abubuwa da ba a koyar da su a aji. Ba'indiye zai kaɗa kai gefe da gefe, kai kana zaton ya ƙi, ashe amincewa ya yi. Zafin watan Afrilu da Mayu ya haura digiri 40, irin na Sakkwato, damina kuma daga Yuni zuwa Satumba kamar tamu. Keken da muke kira A Daidaita Sahu can ne gidansu, haka babur ɗin Bajaj da ya cika ƙauyukanmu. Sannan ga takarda. Duk baƙon da bizarsa ta wuce kwana 180 dole ya yi rajista da ofishin kula da baƙi cikin kwana 14 da saukarsa, kuma ya riƙa sabunta izinin zama a kan lokaci. Wanda ya yi sakaci izininsa ya ƙare, fita ƙasar ma sai da tara da dogon zarya. Yawancin yaranmu da suka shiga uku a can, daga nan matsalarsu ta faro.

Ba zan ɓoye wa iyaye ɗacin da ke ciki ba. Baƙar fata yana shan kallo, wani lokaci har da kalmar da ba ta da daɗin ji. Na taɓa yin yini guda ina neman ɗakin haya, masu gida uku suka amsa mini ta waya cewa akwai, da suka ga fuskata sai ɗakin ya zama an riga an kama. A watan Maris na 2017 gungun mutane sun far wa ɗaliban Nijeriya a Greater Noida, kusa da Delhi, bisa zargin da ba a tabbatar ba, har jakadun ƙasashen Afirka suka yi ƙorafi a hukumance. Gaskiya ne wasu 'yan ƙasarmu sun ɓata mana suna da harkar ƙwaya da damfara, amma laifin wani ba ya halatta dukan wani. Abin mamaki shi ne Afirka ba baƙuwa ba ce a wannan ƙasa. Malik Ambar, wanda aka haifa a Habasha aka sayar da shi bawa, ya zama mai faɗa-a-ji a daular Ahmadnagar har ya hana sarakunan Mughal sakat kafin rasuwarsa a 1626, kuma har yau a Haidarabad akwai unguwar jikokin dakarun Afirka da suka yi wa sarakunan birnin aiki. A gefe guda kuma na ga karamci: abokan karatu da suka kai ni ƙauyukansu, da tsohuwar da ta riƙa aiko mini da abinci lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ni.

Mu koma ga abin da ya kai mu, wato karatu. Babban abin da ɗan Nijeriya ke fara lura da shi shi ne kalanda tana da daraja. Ranar da aka ce jarrabawa, ranar ce. Ga wanda ya ga yajin aikin malaman jami'a na wata tara a 2020 da na wata takwas a 2022, wannan kaɗai ya isa dalilin da uba zai sayar da amfanin gonarsa. Makarantu da yawa ba sa barin ɗalibi ya zauna jarrabawa sai ya halarci kashi 75 cikin 100 na darussa. Mai digirin digirgir yakan fara da darussan hanyoyin bincike, sannan duk zango ya tsaya gaban kwamiti ya faɗi inda ya kwana, kafin a aika kundinsa ga masu jarrabawa na waje, a ƙarshe ya kare shi a bainar jama'a. Bayan haka a ɗora kundin a rumbun intanet na ƙasa mai suna Shodhganga, inda kowa zai iya karantawa kyauta. Namu kundayen fa? Suna can kan kanta ƙura da gara na rabon su. Littattafai kuma da araha, domin ana buga na ƙasashen waje a cikin gida da takarda mai sauƙin kuɗi, ɗakin karatu yana buɗe har dare, wuta ba ta cika yankewa ba.

Sai dai kada a ɗauka duk abin da ake kira jami'a a Indiya jami'a ce. Akwai manya na gwamnati waɗanda shigarsu sai an yi da gaske, akwai masu zaman kansu na ƙwarai, akwai kuma shagunan sayar da takarda waɗanda ke biyan dillalai la'ada kan kowane kai da suka kawo daga Afirka. Hukumar kula da jami'o'in ƙasar, UGC, da kanta takan fitar da jerin jami'o'in bogi lokaci-lokaci, kuma akwai hukumar NAAC da ke auna makarantu ta ba su maki. Duk wannan yana intanet. Uban da zai sayi taki yakan buɗe buhu ya duba, ya murza a hannu, amma sai ya miƙa wa dillali kuɗin kaka biyu saboda hoton dogon gini a takardar talla. Hatta a makarantun kirki, hadda tana da ƙarfi, girmama malami kuma yakan kai matsayin da ɗalibi ba ya iya ja da shi a kan ilmi. Wannan ciwo ne da mu ma muke fama da shi, ba sai mun shigo da ƙari ba.

Yanzu ga inda nake son mai karatu ya tsaya. Ranar da na fara fita bayan gari a jirgin ƙasa, abin da na gani ta taga shi ne dawa da gero da masara da gyaɗa da auduga, a ƙananan gonaki, da shanun huɗa. In ba don shigar mutanen ba sai na rantse tsakanin Funtuwa da Bakori nake. Wannan kama ba ni na fara ganin ta ba. Baturiyar nan Polly Hill, wadda ta zauna a Ɓatagarawa ta rubuta littafi kan tattalin arzikin ƙauyen Hausa a 1972, ta je Jihar Karnataka ta yi irin wannan bincike, ta fitar da littafin da ya kwatanta manoman hatsi na wuraren biyu a 1982. Cibiyar binciken amfanin gona ta ICRISAT, wadda aka kafa a 1972 a Patancheru, bakin Haidarabad, aikinta dawa ne da gero da gyaɗa, kuma tana da rassa a Kano da Sadore kusa da Yamai. Irin audugar da Nijeriya ta amince da shi a 2018 mai jure tsutsa, kamfanin Mahyco na Indiya ne ya samar da shi tare da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru. Ke nan ɗan yankinmu da ke Indiya yana zaune ne a cikin madubin gonar ubansa.

Me zai gani idan ya buɗe ido? Zai ga kasuwannin da ake kira Rythu Bazar, waɗanda gwamnatin Andhra Pradesh ta fara a 1999, inda manomi ke kawo tumatir da albasa ya sayar wa mai ci kai-tsaye, farashin ranar yana rubuce a allo. Ya kwatanta da manomin tumatir na Ɗanja wanda kwandonsa ke ruɓewa yana jiran dillali. Zai ga cibiyoyin koyar da manoma na gundumomi, waɗanda aka fara a 1974, yau sun haura 700, masana na zaune kusa da manomi suna magana da shi da harshensa. Mu ma mun ɗanɗani irin wannan lokacin Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Funtuwa da aka fara a 1975 da rancen Bankin Duniya, wanda ya kawo malaman gona da hanyoyin karkara da sabon irin masara, amma ina malaman gonar yau? Zai ga ƙungiyar madara ta Amul, wadda ƙananan makiyaya suka kafa a garin Anand a 1946: mace mai saniya biyu ta kawo madara safe da yamma, a auna, a biya ta. Da irin wannan tsari Indiya ta zama ta ɗaya a duniya wajen samar da madara. Duk mai tunani a kan rikicin da ya hana noma a dazukan Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara ya kamata ya tambayi kansa yadda al'amura za su kasance da a ce makiyayi yana da irin wannan kasuwa tabbatacciya a bakin rugarsa.

Zai kuma ga abin gudu. A yankin Vidarbha, ƙasar auduga, bashin iri da magani ya kai manoma da yawa ga hallaka kansu. A Punjab, inda aka yi juyin noman alkama da shinkafa, ruwan ƙarƙashin ƙasa yana ta ja da baya saboda yawan rijiyoyin burtsatse. Wanda ya riga ka faɗawa rami ya nuna maka inda ramin yake.

Su kansu Indiyawa ta hanyar ɗalibansu na waje suka samo yawancin wannan. Gandhi ya je Landan karatun lauya a 1888, ya sha wahalar abinci da kaɗaici irin wadda yaranmu ke sha yau, kuma ya rubuta ta dalla-dalla. Verghese Kurien, wanda ya ɗaga Amul, injiniya ne da ya yi karatu a Michigan ta Amurka, aka tura shi Anand a 1949, ya zauna a can har ƙarshen rayuwarsa. M. S. Swaminathan ya yi digirin digirgir a Cambridge, ya dawo gida a 1954 ya sa hannu a aikin da ya fitar da ƙasarsa daga roƙon hatsi. Kowannensu ya tafi da tambayar gida a aljihu.

Akwai darasi ma a fannina. Yaron Telangana yana iya karanta kimiyyar firamare da Telugu, jaridun harsunan gida sun fi na Ingilishi masu karatu nesa ba kusa ba, manufar ilmi ta ƙasar ta 2020 kuma ta ƙarfafa koyarwa da harshen uwa aƙalla zuwa aji biyar. Mu kuwa an amince da irin wannan manufa a 2022, aka soke ta a Nuwamban 2025 tun ba a buga littattafan da za a gwada ta da su yadda ya kamata ba. Bayanin yadda ake fesa maganin ƙwari, idan ba da Hausa ya zo ba, bai iso Ƙafur ba.

Wannan ya kawo ni ga roƙona ga ɗaliban kansu: ku rubuta. Muna da gadon wannan. Ɗorugu, yaron da ya bi Barth zuwa Turai a 1855, ya ba da labarin abin da ya gani da Hausa aka rubuta. Abubakar Imam ya je Ingila a 1943 ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Malam Aminu Kano ya bar mana Motsi Ya Fi Zama. Baƙi ma sun yi mana haka: Murray Last ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Malumfashi, Paul Clough ya zauna a ƙauyen Marmara, suka rubuta yadda muke noma da ciniki da jinya, har yau ana karanta su a jami'o'in duniya. Amma ɗalibanmu da suka yi shekaru a Indiya, abin da muka fi samu daga gare su hotuna ne a gaban Taj Mahal. Littafin rubutu guda ya isa: nawa ake sayar da buhun taki, wa ke ba manomi bashi kuma da wane sharaɗi, yaya ake adana albasa, yaya malami ke duba aikin ɗalibi. Ko ɗan jarida kake karanta ko haɗa magunguna, ranar hutu ɗaya a wata ka shiga motar ƙauye.

Ga iyaye, a bincika makaranta kafin a biya, a tambayi wanda ya gama can ba wanda zai ci la'ada ba, a kuma tabbata hukumomin Nijeriya za su amince da takardar, musamman a fannin lafiya inda sai an sake jarrabawa a gida kafin a ba da lasisi. Ga gwamnatin Jihar Katsina da attajiran yankin Funtuwa masu ɗaukar nauyin yara, a sa sharaɗi cewa duk wanda ya dawo zai gabatar da rahoto da Hausa a gaban manoma da malaman gona na ƙaramar hukumarsa, a kuma fifita fannonin da ƙasarmu ke kuka da su: iri, ban-ruwa, adana amfanin gona, kiwo, da sarrafa auduga, ko masaƙar Funtuwa ta samu masu tayar da ita da gaske. Jami'o'inmu kuma su buɗe rumbu guda na kundayen bincike wanda kowa zai iya shiga.

Manomin da ya sayar da masararsa ya biya kuɗin ganin duniya ne, ko da ba da idonsa ba. Haƙƙinsa ne a dawo a ba shi labari da harshen da yake ji, a kuma nuna masa abin da zai ƙara masa buhu a gona. Allah ya tsare mana yaranmu a inda suke, ya dawo da su lafiya da ilmi mai amfani, ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiyar cin ta.